Wuta Na Ci, Saƙo Ba Ya Wucewa: Bin Sawun Matsalar Tirank a Suwic

A duk ma'aikatar da ta kai gini biyu ko bene uku, akwai wata waya guda wadda kusan komai ke ratsawa ta cikinta. Ita ce ta haɗa suwic ɗin ɗakin saba da na sashen kuɗi, ko na ofishin shugaba da na ɗakin karatu. Kwamfutocin ma'aikata, kyamarorin tsaro, wayoyin tebur masu aiki da intanet, na'urorin Wi-Fi da ke maƙale a silin, duk saƙonninsu ta nan suke bi, kowa da rukuninsa. Masu aikin netwok tirank suke kiran wannan haɗi. Ranar da ya samu matsala kuwa, abin da ke ɗaure wa sabon ma'aikaci kai shi ne babu abin da ya mutu a ido. Fitilar kafar koriya ce shar, waya lafiyarta ƙalau. Amma ga ɗalibai a bene na biyu ba su da intanet, ga malamai a ɗakin da ke jikinsu suna aikinsu hankali kwance.

Koriyar fitila abu ɗaya kawai take shaidawa: lantarki ko haske na kai-komo tsakanin kafofin biyu. Tirank kuwa yarjejeniya ce tsakanin na'urori biyu da aka saita kowace daban, wani lokacin ma mutane daban ne suka saita su, a shekaru daban. Kowace tana aiki da abin da aka gaya mata, ba ta san abin da aka gaya wa 'yar'uwarta ba. Shi ya sa galibin matsalolin tirank saɓani ne tsakanin ɓangarorin biyu, kuma wanda ya tsaya yana karanta ɓangare ɗaya zai yi ta ganin komai daidai har la'asar. Dabarar ita ce a karanta duka biyun, a jera su gefe da gefe, a bi tambayoyin bi da bi.

Abin da tirank ke ɗauke da shi

VLAN hanya ce ta raba suwic ɗaya gida-gida. A ɗauka wata makaranta ta ba malamai VLAN 10, ɗalibai 20, kyamarori 30, ta ware 99 don shiga na'urorin a saita su. Kwamfutar da ke 20 ba ta jin shelar da ake yi a 10 ko da kafofinsu na maƙwabtaka. Sai sun bi ta rauta kafin su gana. Kafar da aka jona wa kwamfuta ko firinta, wato kafar akses, VLAN ɗaya kawai ta sani. Idan za a tsallaka zuwa wani suwic kuwa, ba a jan waya huɗu don VLAN huɗu. Waya ɗaya ake ja, a riƙa manna wa kowane ƙunshin bayanai tambarin rukuninsa. Wanda ya taɓa ganin lodin tirela a kasuwar Dawanau ya san tsarin: mota ɗaya ce, buhunan na 'yan kasuwa da yawa ne, kowane buhu da alamar mai shi, da ita kuma ake rarraba kaya idan an isa.

Ƙa'idar da ta tsara wannan tambari ita ce 802.1Q, wadda cibiyar IEEE ta fitar a 1998. Tambarin bayit 4 ne, ana cusa shi bayan adireshin MAC na mai aikawa. Bayit biyun farko lamba ce tsayayya, 8100 a lissafin heksa, mai sanar da cewa akwai tambari. A sauran biyun, bit 3 na nuna fifiko, 1 na nuna ko za a iya zubar da ƙunshin idan hanya ta cushe, 12 kuma na lambar VLAN ne. Bit 12 na ba da lambobi 4096, an keɓe 0 da 4095, saura 1 zuwa 4094. Saboda ƙarin nan, ƙunshi mafi girma ya tashi daga bayit 1518 zuwa 1522. Kafin wannan ƙa'ida ta karɓu, Cisco na da tata mai suna ISL, wadda ke naɗe ƙunshin gaba ɗaya da ƙarin bayit 30. An daina yayinta, amma tsofaffin Catalyst 3560 da 3750 da har yau suke aiki a ofisoshinmu sun san duka biyun.

Akwai VLAN ɗaya da ke tsallaka tirank ba tambari, wanda na'urar Cisco ke rubutawa native, Huawei da MikroTik kuma PVID. Daga kamfani, lamba 1 ce. Buhu mara alama ke nan: dole mai lodi da mai saukewa su yarda tun farko na wane ne, in ba haka ba kayan wani ya sauka a shagon wani.

Tambaya kafin taɓa na'ura

Kafin a buɗe laftof, a tambayi masu ƙorafi abu uku: su wa abin ya shafa, yaushe ya fara, me aka taɓa kafin nan. Amsar da aka fi ji ita ce "wallahi babu abin da aka taɓa." Sai a sauya salon tambayar. An ɗauke wuta jiya har batirin ɗakin saba ya ƙare? Mai haɗa kyamara ya zo? An kawo sabon suwic?

Yanayin ƙorafin kansa yana nuna inda za a dosa. Idan kowa a ginin ya yanke, ana zargin waya, ko kafa, ko tirank ɗin bai tashi ba sam. Idan rukuni ɗaya ne ya yanke saura na aiki, waya ta fita daga zargi: ko dai an hana VLAN ɗin wucewa, ko babu shi a wani suwic na hanya, ko an toshe shi. Idan kwamfutar ɗalibi ta samu adireshin malamai, saɓani ne a kan VLAN mara tambari. Idan adireshin da ta samu ya fara da 169.254, ta nemi sabar DHCP ba ta samu amsa ba, ta raɗa wa kanta. Idan kuwa abin yana zuwa yana tafiya, fitilu duka suna walƙiya ba ƙaƙƙautawa, to madauki ne, ƙunshi na zagaye tsakanin na'urori ba ya fita.

Sai kuma a tabbatar kafar da ake dubawa ita ce kafar da ake nufi. Takardar da aka liƙa a jikin waya shekara biyar baya ba shaida ba ce. Umarnin "show cdp neighbors" yana nuna wace na'urar Cisco ce a ɗaya bakin, da lambar kafarta. Idan na wani kamfani ne, LLDP ake kunnawa da "lldp run", a duba da "show lldp neighbors", domin ita ƙa'idar kowa da kowa ce.

Waya da haske

"show interfaces status" yana jera kafofin duka a shafi ɗaya. Idan an ga notconnect, babu sigina. Idan disabled ne, mutum ya rufe ta da hannu. Idan err-disabled ne, suwic ɗin da kansa ya rufe ta saboda wani laifi da ya gani, kuma "show logging" zai faɗi laifin. Buɗe ta ba tare da karanta dalilin ba ɓata lokaci ne, za ta sake rufewa. A layin Vlan na wannan shafi, kafar da ta zama tirank kalmar trunk take nunawa. Idan lamba aka gani a wurin, an riga an samu rabin amsa.

Ko da ta nuna connected, a duba ƙididdigar kurakurai da "show interfaces" da sunan kafar. Lambar CRC mai hauhawa alamar waya ce mara lafiya, ko kan da aka matse ba daidai ba. Wayar tagulla iyakarta mita 100. Gudun gigabit yana buƙatar dukkan tagwayen wayoyi huɗun da ke ciki, don haka idan haɗin da ya kamata ya nuna 1000 ya koma 100, sau da yawa ɗaya ce ta tsinke. Wayar tagullar da aka ja a sarari tsakanin gine-gine kuwa, da damina tsawa kan bi ta ta ƙone kafa. A ɓangaren faiba, ƙurar hunturu a kan bakin wayar ta isa ta rage haske har haɗin ya riƙa yankewa. Sannan dole na'urorin SFP, waɗanda ake jona faiba a jikinsu, na bakin biyu su zama jinsi ɗaya: SX haskensa nanomita 850 ne, ba ya wuce mita 550, LX kuma 1310 ne, yana kai kilomita 10. "show interfaces transceiver" yana nuna ƙarfin hasken da ke shigowa idan SFP ɗin na iya aunawa.

Kada a manta da abin da ke tsakiya. Akwatin juya faiba zuwa tagulla, ƙaramin suwic mara saiti da wani ya saka don ƙara tsawon waya, ko rediyon da ya haɗa gini da gini, kowanne na iya zama sanadi. Wasu tsofaffi ba sa karɓar ƙunshin bayit 1522, sai a ga ƙananan saƙonni na wucewa, gwajin ping na amsawa, amma babban fayil ya maƙale. Rediyon da ba a saita shi a matsayin gada zalla ba kuma yana iya hana tambarin wucewa.

Shin ya zama tirank ɗin ma?

A na'urorin Cisco akwai bambanci tsakanin abin da aka umarci kafa ta zama da abin da ta zama. "show interfaces gi0/1 switchport" yana nuna duka biyun: Administrative Mode shi ne umarni, Operational Mode shi ne haƙiƙa. Na biyun ake karantawa.

Dalilin bambancin shi ne DTP, tsarin Cisco na barin kafofi biyu su sasanta da kansu. Kafar da ke dynamic desirable tana neman a yi tirank. Wadda ke dynamic auto ba ta nema, amma idan aka neme ta za ta amsa. To idan duka biyun auto ne, kowace na jiran ɗaya ta fara magana, sai su ƙare a matsayin akses. Catalyst 2960 da auto yake zuwa daga kamfani, don haka guda biyu da aka haɗa ba saiti VLAN 1 kawai za su wuce da shi. Tsofaffin 2950 kuwa da desirable suke zuwa, shi ya sa wanda ya cire tsoho ya saka sabo kan yi mamakin yadda haɗin da ya shekara yana aiki ya daina. Haka nan idan ɓangare ɗaya an rubuta masa nonegotiate, ya daina aika saƙon DTP, ɗayan da ke auto ba zai taɓa tashi ba. Sasantawar kan rushe kuma idan sunan yankin VTP (tsarin Cisco na yaɗa kundin VLAN tsakanin suwic) na na'urorin biyu ya bambanta.

Mafi ruɗarwa shi ne ɓangare ɗaya tirank, ɗayan akses. Haɗin ba ya mutuwa gaba ɗaya. Ƙunshin da ba shi da tambari yana wucewa ya faɗa cikin VLAN ɗin kafar akses, masu tambari kuma a zubar da su. Wasu na aiki, wasu ba sa yi, kowa na rantsuwa wayar lafiya take.

Maganin duk wannan shi ne a daina barin na'ura ta yi zaɓi. A rubuta "switchport mode trunk" da "switchport nonegotiate" a duka ɓangarorin. A 3560 da 3750, sai an fara rubuta "switchport trunk encapsulation dot1q", in ba haka ba na'urar za ta ƙi karɓar umarnin. Kafofin kwamfutoci kuma a ɗaure su da "switchport mode access". Wannan har da tsaro a ciki, domin kafar da aka bari tana sasantawa, mai laftof da manhaja irin Yersinia zai iya lallashinta ta zama tirank, ya leƙa kowane VLAN.

Shafi ɗaya mai hawa huɗu

Idan za a ce a zaɓi umarni ɗaya tak, "show interfaces trunk" ne. Abin da yake fitarwa hawa huɗu ne, kuma kowane hawa tacewa ce a kan wanda ya gabace shi. A ɗauki lambar VLAN ɗin da ake nema, a bi ta daga sama zuwa ƙasa. Hawan da ta ɓace a cikinsa, nan ciwon yake.

Hawa na farko yana nuna kafofin da suke tirank a yanzu, da irin tambarinsu, da VLAN mara tambari. Kafar da ba ta bayyana a nan ba, ba tirank ba ce, ko me aka rubuta mata.

Hawa na biyu jerin izini ne. Cisco daga kamfani yana barin 1 zuwa 4094 duka, amma mai hankali kan taƙaita. A nan ne kuskuren da ya fi kowane suna a wannan sana'a yake. Tirank na ɗauke da 10, 20 da 99, ana so a ƙara 30 na kyamarori, sai mutum ya rubuta "switchport trunk allowed vlan 30". Na'urar ba ta ƙara ba, ta share jerin ne ta bar 30 shi kaɗai. Malamai sun yanke, ɗalibai sun yanke, shi ma mai gyaran da ya shiga ta 99 ya yanke, sai ya ɗauki wayar konsol ya taka zuwa ginin. Kalmar add ce ta ɓace: "switchport trunk allowed vlan add 30". Kuma izinin sai an ba da shi a bakin biyu. Wanda aka buɗe a gefe ɗaya kawai bai buɗu ba.

Hawa na uku yana nuna waɗanda aka yi wa izini kuma suna nan a suwic ɗin. Izini daban, samuwa daban. Suwic ba ya wuce da ƙunshin VLAN ɗin da bai sani ba. Wannan ya fi faruwa a na'urar tsakiya. A ce suwic uku ne a jere, kyamarori na jikin na farko, na'urar naɗar hoto na jikin na uku. Mai aikin ya ƙirƙiri VLAN 30 a na farko da na uku, ya tsallake na biyu tunda babu kyamara ko ɗaya a jikinsa. To na biyun zai karɓi ƙunshi mai tambarin 30, ya duba kundinsa bai gan shi ba, ya zubar, ba tare da ya ce uffan ba. "show vlan brief" a kowace na'urar da ke kan hanya shi ke tona wannan. Kada dai a damu idan ba a ga kafar tirank a wannan jerin ba; kafofin akses kawai yake lissafawa.

Hawa na huɗu yana nuna waɗanda a zahiri suke wucewa, wato waɗanda Spanning Tree bai toshe ba kuma VTP bai datse ba. Spanning Tree, wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985 tana aiki a kamfanin DEC, aikinsa hana madauki ne: idan hanya biyu ta haɗa na'urori, sai ya rufe ɗaya ya ajiye ta don ranar da ɗayar ta faɗi. Saboda haka rashin VLAN a wannan hawa ba lallai laifi ba ne. "show spanning-tree vlan 20" zai nuna ko akwai wata hanyar da yake bi, da kuma wane suwic ne tushe. Abin dubawa shi ne kada wani ƙaramin suwic na lungu ya zama tushe saboda kawai adireshin MAC ɗinsa ya fi ƙanƙanta. A tsohon tsarin 802.1D kuma, kafa kan yi daƙiƙa 30 tana saurare da koyo kafin ta fara wucewa da kaya, fitilarta ruwan lemo. Masu gaggawa kan zare waya a daƙiƙa ta ashirin su ce ba ta aiki.

Saɓanin VLAN mara tambari

A ce suwic na farko ya ɗauki 1 a matsayin mara tambari, na biyu kuma 99. Duk abin da ya fito daga VLAN 1 zai tsallaka ba tambari, na biyun ya karɓe shi a matsayin ɗan 99. An haɗe rukuni biyu da aka raba da gangan, kuma ɗayansu na shiga na'urori ne. Tsakanin Cisco da Cisco abin ba ya ɓuya: CDP zai yi ta rubuta NATIVE_VLAN_MISMATCH a rajista, har da sunayen kafofin da lambobin biyu. Spanning Tree na Cisco shi ma yana ganewa, ya toshe VLAN ɗin da abin ya shafa a kan kafar. "show spanning-tree inconsistentports" zai nuna su. Tsakanin Cisco da wani kamfani kuwa sau da yawa babu mai faɗakarwa, sai dai a ga adireshi na fitowa inda bai kamata ba.

Gyaran layi ɗaya ne, "switchport trunk native vlan" da lamba iri ɗaya a bakin biyu. Masu lura da tsaro kan zaɓi lambar da babu kowa a cikinta, domin akwai harin tambari biyu: maharin da ke cikin VLAN mara tambari ya manna tambari biyu, suwic na farko ya cire na waje, na biyu ya karanta na ciki ya kai ƙunshin rukunin da bai kamata ba.

Idan wayar ta fi ɗaya

Inda aka ɗaure waya biyu ko huɗu suka zama haɗi ɗaya, wato EtherChannel, dole 'yan ƙungiyar su yi daidai a gudu, da jerin izini, da VLAN mara tambari. Wadda ta saɓa za a dakatar da ita. A "show etherchannel summary", harafin P na nufin tana ciki, ƙaramin s an dakatar da ita, I kuma tana tsaye ita kaɗai. Duk wani sauyi a kan Port-channel, wato kafar da ke wakiltar ƙungiyar, ake yin sa, ya sauka ga 'yan ƙungiyar. A tsarin LACP, idan duka ɓangarorin passive ne ƙungiyar ba ta haɗuwa. Idan kuma gefe ɗaya an tilasta shi da mode on ɗayan ba a ɗaure ba, madauki ake gayyata, rajista ta cika da MACFLAP, wato adireshi ɗaya na bayyana a kafa biyu.

Gida ɗaya, kamfanoni huɗu

A ofisoshin Najeriya da Nijar ba kasafai ake samun netwok na kamfani ɗaya zalla ba. Cisco na hannu a tsakiya, Huawei da ɗan kwangila ya kawo, MikroTik a bakin intanet, wani HP a lungu. Duk suna jin 802.1Q, amma halayensu na asali sun sha bamban, kuma a nan gizo ke saƙar.

Huawei idan aka ce masa "port link-type trunk", VLAN 1 kawai yake bari, sai an lissafa masa saura da "port trunk allow-pass vlan". Wanda ya saba da Cisco mai barin komai zai zaci ya gama. Ana dubawa da "display port vlan". A HP ProCurve da Aruba, kalmar trunk ma ɗaure wayoyi take nufi. Abin da Cisco ke kira tirank su kafa ce da aka yi wa tagged a VLAN da yawa, kamar "vlan 20 tagged 24". Ma'aikata biyu na iya yin awa guda a waya, kowa na cewa ya yi tirank, alhali abu biyu suke nufi. Juniper ba ya karɓar ƙunshi mara tambari a tirank sai an ba shi native-vlan-id. MikroTik kuma, tun daga RouterOS 6.41, gadarsa na wuce da komai muddin ba a kunna vlan-filtering ba. Da an kunna, duk abin da ba a rubuta a teburin VLAN na gadar ba ya tsaya, har da hanyar da mai saitin ya shigo ta ita idan bai saka gadar kanta cikin VLAN na shiga ba. DTP da VTP da CDP kuwa na Cisco ne, kada a dogara da su a irin wannan haɗi. Spanning Tree ma ya bambanta: Cisco na riƙe bishiya ɗaya ga kowane VLAN, Huawei da MSTP yake zuwa, don haka sai an zauna an tsaida wanda zai zama tushe.

Bin sawu, da wanke mara laifi

Idan saiti ya yi kama da daidai amma ƙorafi bai kau ba, sai a bi sawun kwamfuta ɗaya. A ɗauki adireshin MAC ɗinta, a rubuta "show mac address-table vlan 20" a suwic ɗin da take jiki, sannan a na gaba, sannan a na gaba. Inda adireshin ya daina bayyana, tsakanin nan da na baya matsalar take. A sa kwamfutar ta riƙa aika ping yayin binciken, domin suwic kan manta adireshin da ya yi shiru daƙiƙa 300.

Gani ya kori ji. Da "monitor session" ana kwafe abin da ke bi ta tirank zuwa wata kafa, a buɗe Wireshark a ga tambarin ƙuru-ƙuru, a tace da vlan.id. Sai dai a Catalyst sai an ƙara "encapsulation replicate" kafin tambarin ya biyo, kuma katin netwok na kwamfutoci da yawa masu Windows yana cire tambari kafin Wireshark ya gani. Rashin ganinsa a laftof bai tabbatar da rashinsa a waya ba.

Wani lokacin tirank ba shi da laifi. Idan kwamfuta na aiki da adireshin da aka rubuta mata da hannu amma ba ta samun na DHCP, a duba ko an kunna DHCP snooping aka manta "ip dhcp snooping trust" a kafar da ke fuskantar saba. Idan 'yan VLAN ɗaya na ganin juna a gine-gine biyu amma ba sa fita waje, tirank ya yi aikinsa. A koma rauta a duba ko lambar da ke "encapsulation dot1Q" ta yi daidai da ta suwic.

Gyara ba tare da ƙara ɓarna ba

Tirank ɗin da ake gyarawa sau da yawa shi ne hanyar da mai gyaran ya shigo. Saboda haka a fara da na'urar nesa, a dawo ta kusa. A Cisco, "reload in 10" kafin a taɓa komai yana sa na'urar ta sake tashi da tsohon saiti bayan minti goma idan aka yanke. In komai ya tafi daidai a soke da "reload cancel". Juniper na da "commit confirmed", MikroTik na da Safe Mode. A sauya abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya sauya abu biyar ya ga ya yi aiki bai san wanne ne maganin ba, kuma ya bar huɗu da za su tashi wata rana.

Bayan gyara a adana: "write memory" a Cisco, "save" a Huawei. Inda wuta ke ɗaukewa kullum, saitin da ba a adana ba yana nan ne kawai zuwa ranar da batiri zai gaza. Da yawan tirank ɗin da aka ce ya lalace da kansa cikin dare, gyaran wata uku baya ne da ba a adana ba.

Suwic ɗin da aka ɗauko daga wani reshe ko daga ɗakin gwaji kuma, a wanke shi kafin ya taɓa tirank. A VTP na 1 da na 2, na'urar da ke yanki ɗaya kuma lambar bitarta ta fi girma ita ake bi, ko da a matsayin client take, kuma kundinta na iya share VLAN ɗin ma'aikata baki ɗaya cikin daƙiƙoƙi. "write erase" ba ya goge wannan kundi, domin a fayil ɗin vlan.dat yake zaune, sai an goge shi daban. A duba "show vtp status", a mayar da na'urar transparent don lambar ta koma 0. Ƙaramar ma'aikata mai suwic biyar ko goma ba ta ma buƙatar VTP. Rubuta VLAN da hannu ya fi mata kwanciyar hankali.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Kowace kafar tirank a sa mata description mai faɗin na'urar da ke ɗaya bakin da lambar kafarta. A ajiye tebur ɗaya na lambobin VLAN da sunayensu, da wanda aka zaɓa mara tambari, a kuma adana abin da "show interfaces trunk" ya fitar ranar da komai ke lafiya. Tunda ciwon saɓani ne tsakanin ɓangare biyu, wanda ke da wannan takarda a hannu kwatantawa kawai zai yi, layi da layi, ya ga wanda ya kauce. Wanda ba shi da ita kuwa sai ya fara gano yadda netwok ɗin ya kamata ya kasance kafin ya san abin da ya lalace, ga kuma shugaban ma'aikata tsaye a kansa yana tambayar yaushe za a dawo.